Wanda aka ce ya tashi daga bakin hanya, ina zai kwana?

A ranar 28 ga watan Yuni na 2024 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a kan wata tambaya da kowane mai unguwa a Damagaram zai gane ba sai an yi masa dogon bayani ba: mutumin da ba shi da ɗakin kwana, idan ya shimfiɗa bargo a filin gwamnati ya yi barci, hukuma tana da ikon cin sa tara ko ta ɗaure shi? Alƙalai 6 suka ce tana da shi, 3 suka ce a'a. Kafin shekarar ta ƙare, garuruwa sama da 100 a ƙasar sun kafa dokar hana kwana a waje ko sun tsaurara wadda suke da ita. A ɗaya gefen kuma wasu ƴan majalisa na ta shigar da daftarin dokokin da ke cewa mara gida yana da haƙƙin ya zauna, ya ci abincinsa, ya kwanta a wurin da yake na kowa da kowa. Maganar ta shafe mu, domin dokar da ke hukunta mara matsuguni mun gaji irinta a Nijar, masu kwana a waje kuma duk wanda ya bi ta tasha ko gefen kasuwar Dole bayan dare ya raba ya san muna da su.

Garin da shari'ar ta fito sunansa Grants Pass, a jihar Oregon. Ƙaramin gari ne, mutanensa ba su kai 40,000 ba, marasa gida a cikinsa kuma an kiyasta sun kai kamar 600. Dokar garin ta hana kafa masauki a kan titi da lambunan shaƙatawa da sauran wuraren gwamnati, ta kuma faɗaɗa abin da take nufi da masauki: duk inda aka ajiye shimfiɗa ko bargo da nufin zama na ɗan lokaci. Tarar farko dalar Amurka 295 ce, sama da jika 150 ke nan na kuɗinmu, idan ba a biya ba ta haura dalar Amurka 500. Wanda aka sake kamawa ana iya hana shi shiga lambunan garin na kwana 30, in ya koma a tuhume shi da shiga wuri ba izini, ɗauri kuma ya kai kwana 30. Babban gidan kwana ɗaya da ke garin na wata ƙungiyar addinin Kirista ne, gadajensa ba su kai 140 ba, yana kuma da sharuɗɗansa, har da halartar addu'o'insu. Ko da kowa ya yarda da sharuɗɗan, ɗaruruwan mutane dole su kwana a waje, kowane dare kuma su wayi gari masu laifi.

Gardamar lauyoyi ta tsaya a kan bambancin halin da mutum ya samu kansa a ciki da aikin da ya aikata da hannunsa. Tun 1962 kotun ta ce ba a hukunta mutum don kawai jarabar shan ƙwaya ta kama shi; a kama shi in ya saya ko ya sayar, amma zamansa mashayi ba laifi ba ne. A kan wannan wata kotun ɗaukaka ƙara ta dogara a 2018, a shari'ar garin Boise, ta ce muddin marasa gida sun fi gadajen da ke akwai yawa, hukunta mai kwana a waje hukunta shi ne don rashi. Hukuncin ya ɗaure hannun jihohin yammacin ƙasar kusan shekara shida. Da aka zo 2024, mai shari'a Neil Gorsuch, wanda ya rubuta ra'ayin masu rinjaye, ya ce dokar Grants Pass aiki take hukuntawa kuma ta hau kan kowa, da matafiyi da ɗalibi mai zanga-zanga da mara gida, sannan maganin rashin gida aikin jama'a ne da waɗanda suka zaɓa, alƙalai ba su da hurumi a ciki. Mai shari'a Sonia Sotomayor ta amsa masa cewa barci larura ce ta jikin ɗan Adam, wanda ba shi da gida kuwa zaɓi biyu aka bar masa, ya kwana ido biyu ko a kama shi.

A wannan gaɓar ina bayan Sotomayor. Cewa doka ta hau kan kowa a takarda ne kawai. Mai ɗaki ba ya ɗaukar tabarma ya tafi bakin kwalta cikin sanyin Janairu, don haka dokar ba za ta taɓa cin sa ba. Amma akwai abu ɗaya da Gorsuch ya taɓo wanda ba a ture shi: kotu na iya hana kamu, gina ɗaki kuwa ya fi ƙarfinta. Shekarun da hukuncin Boise ya yi yana aiki ba su kawar da tantuna daga titunan Kalifoniya da Oregon ba. Ƙidayar da gwamnatin Amurka ke yi a dare ɗaya cikin watan Janairu ta samu mutum sama da 770,000 ba su da gida a 2024, adadin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara ta. Babban abin da ke tura su waje tsadar haya ce, sai taɓin hankali da shaye-shaye su ƙara nauyi a kan wanda ya riga ya faɗi.

Dokokin da ake kawowa iri biyu ne, sai wata ta uku da ke tsakiya wadda ba a cika maganarta ba. Na farko su ne na hani. Jihar Texas ta hana kafa masauki a wuraren gwamnati a faɗin jihar a 2021. Tennessee ta wuce nan a 2022, ta mai da shi babban laifi da ɗaurinsa ke iya kai shekara 6. Filorida a 2024 ta bi ta wata hanya: ta hana ƙananan hukumomi ƙyale mutane su kwana a waje, ta ba mazauna da ƴan kasuwa damar kai hukumar gari ƙara idan ta ƙi korar su, amma ta yarda a ware fili na musamman har tsawon shekara guda, da makewayi da tsaro.

Na biyu su ne na haƙƙi. Jihar Rhode Island ce ta fara a 2012 da dokar da ta ce mara gida yana da ƴancin yawo a wuraren jama'a kamar kowa, da na zaɓe, da na samun magani na gaggawa, kada a hana shi aiki don ba shi da adireshi, kayansa kuma suna da alfarmar da kayan cikin ɗakin kowa ke da ita. Illinois da Connecticut suka biyo baya a 2013. Sai dai waɗannan ba su ce a fili mutum na da izinin kwana ba. Daftarin da suka faɗi haka ƙarara, waɗanda ake kira dokar haƙƙin hutawa, an kai su majalisun Kalifoniya da Kolorado da Oregon sau da dama, ba wanda ya tsallake. Na Oregon na 2023 har ya tanadi diyyar dalar Amurka 1,000 ga wanda aka tsangwama, jama'a suka yi masa ca, ya mutu tun a kwamiti.

Ta tsakiyar ita ce dokar da Oregon ɗin ta kafa a 2021. Ba ta ba kowa izinin kafa tanti inda ya ga dama ba, ba ta kuma bar gari ya hana kwana a ko'ina ba. Cewa ta yi hukumar gari na iya tsara lokaci da wuri da yadda za a kwana, amma tsarin ya zama wanda hankali zai ɗauka idan aka dubi halin mara gida. Da wannan dokar aka sake kai Grants Pass ƙara a 2025, bayan nasarar da garin ya yi a Kotun Ƙoli, har ya amince ya ware wuraren da mutane za su sauka. A ganina ita ce ta fi kusa da gaskiyar lamarin.

Kada a raina kukan masu neman hani. Mai shagon da ke buɗe ƙofa da safe ya tarar da bayan gida a bakin ƙofarsa ba mugu ba ne don ya kai ƙara. Uwar da ke tsoron ƴarta ta bi ta wani lungu zuwa makaranta tana da hujja. Inda mutane suka taru ba ruwa ba makewayi, cuta na biyo baya, gobara na tashi daga wutar da aka hura don jin ɗumi, masu sayar da ƙwaya kuma suna samun mafaka, waɗanda suka fi cutuwa da su kuwa su ne masu kwana a wurin, musamman mata. Hanya ta kowa ce, kuma tana da haƙƙinta. Ya zo a ingantaccen hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗi sahabbai game da zama a kan hanyoyi, suka ce ba su da makawa, nan ne majalisarsu. Bai kore su ba. Ya ce to su ba hanya haƙƙinta: runtse ido, kame cuta daga mutane, amsa sallama, umarni da kyakkyawa da hani da mummuna. Da suka nuna larura sai hani ya koma sharaɗi. Duk mai rubuta doka a kan wannan batu ya kamata ya tsaya ya yi nazarin wannan tsari.

Abin da hani zalla ke haifarwa kuwa an gan shi a duk inda aka gwada. An ci mutum tarar da ba zai iya biya ba, tarar ta ninka, a ba da sammacin kama shi, ya yi ƴan kwanaki a tsare, ya fito da tabon laifi a takardunsa, mai gidan haya da mai ɗaukar ma'aikata su gani su juya masa baya. Ranar da aka zo share wurin, abin da ake kwashewa a zuba a motar shara ya haɗa da katin shaida da maganin da yake sha da wayar da ake kiransa aiki da ita. Shi kuma bai ɓace ba. Ya koma ƙarƙashin gada ne ko cikin kwari, inda ma'aikacin lafiyar da ya saba duba shi ba zai same shi ba. Aikin ya zama na mai kwashe ruwa daga wannan kusurwar ɗaki yana zubawa a waccan, rufin kuma yana nan yana yoyo. Kuɗin da ake kashewa a kan ƴan sanda da kotu da gidan kaso da ɗakin gaggawa na asibiti ba kaɗan ba ne, sai dai ba a rubuta su a layi ɗaya, shi ya sa ba a ganin yawansu.

Dokar haƙƙi zalla ita ma tana da nata ramin, kuma masu kare ta ba su cika son a faɗa ba. Idan hukuma ta ce wa mutum ga ƴancinka, kwana a nan, ba ta kawo famfo ba, ba ta haƙa makewayi ba, ba ta yi shirin fitar da shi daga wurin ba, to ta sami hanya mai arha ta wanke hannunta ne. Tanti ya zama gida na dindindin, mutum ya tsufa a cikinsa. Mutanen Faransa sun fahimci haka. A watan Disamba na 2006 masu fafutuka suka jera jajayen tantuna a bakin mashigin ruwa na Saint-Martin a tsakiyar Paris, amma abin da suka nema gida ne, kuma a watan Maris na 2007 aka kafa dokar da ta ba wanda ya cancanta damar kai gwamnati ƙara idan ba ta sama masa muhalli ba. Layin jira yana da tsawo har yau, amma nauyin ya koma wuyan hukuma. Ƙasar Finland ta tafi gaba: tun 2008 manufarta ita ce a fara ba mutum ɗaki da takardar haya da sunansa, sannan a bi da maganin shaye-shaye ko neman aiki. Marasa gida a can sun kai kusan 18,000 a ƙarshen shekarun 1980, zuwa 2023 sun koma ƙasa da 4,000.

Mu ba mu da baitulmalin Finland, masu kwana a wajenmu kuma ba irin nasu ba ne. Tanti ma ba kayanmu ba ne. Kwali ne da buhu da tabarma. Mafi yawa suna da gida, sai dai gidan yana ƙauye. Ɗan ci-rani ne da ya taso daga wajen Tanut ko Mirya bayan an gama girbi, yana dako a kasuwa ko tura kurar ruwa. Idan mai shayi ya kashe wuta ya kife bencinsa, sai ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin rumfar wani mai hatsi, ya ɗaura sarƙar kurar a ƙafarsa, ya yi matashi da takalmansa, kuɗin yini da katin ɗan ƙasa suna ƙulle a leda a cikin wando. Yana ba mai gadi ɗan abin goro don ya ƙyale shi, kafin kiran sallar asuba kuma ya naɗe kwalin ya ɓoye a bayan buhuna, don kada mai rumfa ya tarar da shi. Duk abin da bai kashe a haya ba shi ne hatsin da iyalinsa za su ci lokacin bazara. Ban da shi akwai matafiyin da kuɗin mota ya ƙare masa, da masu jinya da ke kwana a harabar asibiti, da matar da aure ya mutu gidan iyaye kuma ba wuri, da wanda aka koro daga Aljeriya ko Libiya hannu wofi, da mai taɓin hankali, da tsofaffin mabarata, sai almajirai, waɗanda maganarsu daban ce.

Dokar da ke kansu tsohuwa ce. Kundin hukunta laifuka na Nijar na 1961 ya ɗauko laifin yawon banza kusan kalma da kalma daga kundin Faransa na 1810, na zamanin Napoleon: mai yawon banza shi ne wanda ba shi da tabbataccen mazauni, ba shi da abin dogaro, ba shi kuma da sana'ar da ya saba yi. Hukuncinsa ɗaurin watanni. Haka bara, sai dai an ɗauke wa tsofaffi da naƙasassu, an kuma tanadi hukunci ga babban da ke tura yaro bara yana cin moriyarsa. A duba ma'anar nan da kyau: babu wani aiki a cikinta da mutum ya aikata, rashi uku ne aka jera. Turawan mulkin mallaka sun yi amfani da irin waɗannan dokoki a faɗin Afirka don tsare baƙar fata daga unguwanninsu da samun hannun aikin tilas. Faransa da kanta ta cire laifin yawon banza da na bara daga kundinta a 1994. Majalisar Ingila ta kaɗa ƙuri'ar soke tata dokar ta 1824 a 2022. A ranar 4 ga Disamba na 2020 Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha a Tanzaniya ta ba da fatawa, bisa buƙatar ƙungiyar lauyoyin Afirka, cewa dokokin yawon banza sun saɓa wa yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam da ta haƙƙin yara da ta haƙƙin mata, domin talauci suke hukuntawa, kuma kalmominsu a sake suke har ɗan sanda na iya kama wanda ya ga dama. Ta ce ƙasashe su soke su ko su gyara. Fatawa ce, ba ta da ƙarfin tilastawa, amma hujjarta a tsaye take.

Za a ce ai ba a cika ɗaure kowa da wannan doka a nan ba. Haka ne, kuma wannan alheri ne na al'adarmu. Amma dokar da ke kwance tana tashi ranar da aka buƙace ta, ranar da za a yi babban baƙo ko aka yi sata a unguwa ana neman wanda za a kama, kuma ko ba a kai mutum gaban alƙali ba, sanin cewa ana iya kai shi ya isa ya sa ya miƙa abin da ke cikin ledar nan. Mun kuma ga iyakar hani da idonmu. A 2019 hukumomin Yamai sun sanar da hana bara a titunan birnin daga 1 ga Mayu. Wanda ya je Yamai bayan nan ya ga mabarata a mahaɗar tituna. A watan Maris na 2022 gwamnati ta kwaso ɗaruruwan ƴan ƙasa daga titunan Dakar a jirgin sama, akasarinsu mata da yara, da yawa daga Kance da Magarya. Tun kafin nan, a watan Oktoba na 2013, an tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawa mata da yara daga wannan yankin namu. Abin da ke fitar da mace da goyo daga ƙauyenta har ta yarda da kwanan titi a ƙasar da ba ta jin yarenta, gonar da ta ƙanƙance ce da rumbun da ke ƙarewa tun kafin damina. Tara ba ta kai can.

Abin da ya rufa mana asiri tun da shi ne zaure da masallaci. Garin nan ya san saukar baƙi: unguwar Zango ta girma ne daga wurin da ayarin fatake ke sauka a wajen ganuwar Birni, baƙo kuma yana da mai masauki da ke ɗaukar nauyinsa a gaban sarki. Mai gida ba ya tambayar wanda ya yi sallama da magariba takardarsa kafin ya nuna masa zaure a kawo masa tuwo. Masallaci kuwa tun daga Madina yake ɗaukar wanda ba shi da wuri. Mutanen Suffa, irin su Abu Huraira, a jikin masallacin Annabi suka zauna, Abdullahi ɗan Umar ma ya kwana a ciki lokacin yana saurayi. Matafiyin da guzuri ya yanke masa yana cikin mutum takwas da Alƙur'ani ya ba rabo a zakka. Wannan tsarin yana raguwa a gabanmu. Sababbin gidaje ƙofar ƙarfe gare su da gareji, ba zaure. Masallatai da yawa ana kulle su bayan isha saboda ɓarayin fanka da na'urar lasifika da batirin sola, kuma ba wanda zai ga laifin kwamitin masallaci a kan haka. Tsoron ɓarayi da na ƴan ta'adda ya sa baƙon da ba a sani ba ya zama abin zargi. Garin da ƙidayar 2012 ta ba mutum sama da 300,000 da kewayensa, yake kuma ƙaruwa kowace shekara, ya fi ƙarfin a ce zauren mai unguwa zai ɗauke shi.

Duk da haka ba daga sifili za mu fara ba, domin dokokinmu sun riga sun san saukar wucin gadi a filin gwamnati. Damanar 2024, wadda ta kashe mutum sama da 300 ta kuma shafi sama da miliyan ɗaya a faɗin ƙasar, wadda ta rushe tsohon masallacin Birni a farkon Satumba, ta sa dubban iyalai sun koma azuzuwan makarantu, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 zuwa 28 ga Oktoba. Ba wanda ya kira su masu yawon banza. Nijar kuma ta kafa dokar kare waɗanda rikici ko bala'i ya raba da gidajensu a cikin ƙasa, a watan Disamba na 2018. Sai dokar makiyaya ta 2010, wadda a ganina ta fi kowace ba da haske a nan. Ta amince cewa kai-kawo haƙƙi ne na makiyayi, ta sa burtali da wuraren da zai yada zango da iyalinsa a cikin dukiyar jama'a da ba a sayarwa, ta ba shi damar kaiwa ga ruwa. Yana sauka, ba ya mallaka, akwai iyaka da aka shata, akwai kwamitin ƙasa da ke sasanta shi da manomi. Kowa ya san gonaki na cin burtali kuma aiwatarwa na da rauni. Amma tunanin yana nan a rubuce da hannunmu: mutum na iya samun haƙƙin sauka a filin kowa ba tare da filin ya zama nasa ba.

Idan za a rubuta wa birnin nan ƙa'ida, abin da zan so in gani a farkonta shi ne kada a kama kowa ko a ci shi tara don barci kawai. Sata da faɗa da sayar da ƙwaya da ƙazantar da wuri duk suna da hukuncinsu, a bi su da shi. Hukuma na da ikon ta ce ba a kwana a ƙofar makaranta, ko kan kwalta, ko bakin magudanar ruwa, ta kuma ce a naɗe shimfiɗa da hantsi, amma duk jami'in da ya ce wa mutum tashi daga nan dole ya iya nuna masa inda zai koma a daren. Wurin ba sai ya zama gini mai hawa ba. Rumfar kwano mai katanga ta isa, da makewayi da randa ko famfo da fitila da mai gadi, ɓangaren mata daban da ƙofarsa, da akwatin da mutum zai kulle kayansa. Kafin a share wani wuri a yi sanarwa da kwanaki, kayan da aka kwashe a ajiye su mai su ya zo ya karɓa, katin shaida da magani kuwa kada a taɓa su. A kuma fita dare ɗaya cikin hunturu, masu unguwanni da ɗaliban jami'a da ma'aikatan jin daɗin jama'a, a ƙirga masu kwana a waje a kowace gunduma cikin biyar ɗin birnin, a tambaye su daga ina suka zo, domin abin da ɗan ci-rani ke buƙata daban yake da na matar da aka saka.

Yara ba sa cikin wannan lissafin. Babba na iya cewa ya zaɓi kwanan rumfa don ya tara kuɗi. Yaro ɗan shekara bakwai da ke rawar sanyi a cikin buhu a ƙofar shago bai zaɓi komai ba, kuma duk dokar da za ta kira wannan haƙƙinsa zalunci ce. Haƙƙinsa rufi ne da bargo, nauyin kuma yana kan uban da ya kawo shi da malamin da ya karɓe shi da unguwar da yake wa aike. Akwai malamai da yawa da ke kwana da almajiransu a zaure ɗaya suna raba abin da suka samu, akwai kuma waɗanda suka karɓi yaran da suka fi ƙarfin ɗakinsu. Sharaɗin cewa kada malami ya riƙe yaro sai yana da inda zai kwantar da shi ba yaƙi da karatun allo ba ne, kuma masu hannu da shuni na unguwa su ne za su gina ɗakin. Mai taɓin hankali shi ma ba a barin sa a kan bola da sunan ƴanci, ba a kuma ɗaure shi da mari da sunan tsabtace gari. Magani yake buƙata da dangin da za a nemo.

Sauran magana kuɗi ne da wuri. Ruwa a Damagaram ba abin da ake alkawarinsa da wasa ba ne, rumfar kwana ba ruwa kuma cikin wata guda za ta zama abin da maƙwabta za su nemi a rufe. Harajin kasuwa da na tasha na iya ɗaukar albashin mai gadi, tunda ƙarfin waɗannan mutanen ne ke sauke kayan da ake biya wa harajin. Zakka da wakafi na iya ɗaukar gini da tankin ruwa. Zaɓen wurin ne zai fi wuya, domin kowace unguwa za ta ce a kai wata. Jarabar da za ta zo ita ce a tura shi can bayan gari inda ido ba ya gani. Mun san abin da hakan ke haifarwa: Kara-Kara wuri ne da aka ware wa kutare da waɗanda gari ba ya so, har yau matasan da aka haifa a can suna fama da sunan unguwarsu idan sun je neman aiki. Masaukin dole ya kasance kusa da tasha da kasuwa. Idan aka kai shi nesa, ɗan dako zai koma rumfar mai hatsi tun daren farko, domin motar kaya da asuba take isowa, wanda ke kusa kuma shi ake kira ya sauke ta.